Muryar Auta a Lasifika

Ana kashe fitilun zauren, lasifika ta ɗauki ihu da ƙarar fashewar gilashi. Inna ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni.

Wai wasan kwaikwayon sulhu ne. Mu da aka kashe wa 'yan'uwa a rikicin kasuwa aka jera mu a sahun gaba kamar kayan talla, kowa da robar ruwa a hannu. Da ƙyar na lallaɓo Inna. Tun rasuwar ƙanena Auta ba ta magana sai da ka. Kwanan nan ta fara amsa gaisuwa, likita ya ce shiga mutane zai ƙara mata sauƙi.

Cikin ihun nan sai wata murya ta ratso.

"I-i-inna! Wayyo I-inna!"

Auta mai i'ina ne. Ko cikin dubu ba zan kasa gane muryarsa ba.

Inna ta miƙe, ta nufi lasifikar, ta dafa ta da hannu biyu.

"Na'am, Auta. Ga ni nan."

Zaure ya kaure da tafi. Tafi fa! Sun zaci cikin wasan ne.

*

A bayan labule na ci kwalar mai kula da sauti.

"Uban wa ya ba ka muryar ƙanena?"

"Yi haƙuri, Yaya. Bidiyon ranar rikicin ne da ke yawo a waya. Darakta ya ce ihun 'yan wasa ba shi da armashi, a nemo na gaske."

Sai ga daraktan, bakinsa har kunne.

"Malama, tsohuwar nan taki ta gama da mutane! Har babban baƙo sai da ya share hawaye. Za ki kawo mana ita wasa na gaba?"

Wallahi ba don an riƙe ni ba, da haƙoransa a aljihu zai koma gida. Ina cikin ja masa Allah ya isa na ji Inna a bayana, tana roƙon mai sautin.

"Ɗan nan, mayar da shi baya. Bai gama magana ba."

*

Inna ta daina amsa gaisuwa. Wuni take yi da tsohon rediyon Auta a kunne, tana murɗawa daga tasha zuwa tasha. Ɗazu na kawo mata abinci, na ce ta daure ta ci ko loma ɗaya. Ta ɗaga mini hannu.

"Yi shiru mana, kar ya kira ban ji ba."