Bugu Uku a Ƙofar Gareji

Rhonda Vella tana layi a babban kanti, riƙe da kwandon burodi da madara da abincin kyanwa, sai waƙar ta sake cim mata. Daga sifikar da ke rufi ta fito. Wata yarinya ce ke rera wani sabon abu a sama, amma kiɗan da ke ƙasa na Rhonda ne, da yatsunta ta kaɗa shi shekara arba'in da uku da suka wuce. Ta san abin da ke tafe. Gitarta mai kaurin murya ta ɗauke, ganga ta yi tsit, sai bugu uku a kan kwano: kwas, kwas, kwas. Mutumin da ke karɓar kuɗi, ko ɗago kai bai yi ba, ya ƙwanƙwasa teburinsa sau uku daidai da bugun. Rhonda ta ajiye kwandon a ƙasa ta fice, ranar kyanwa sai da ta ci ragowar kifi.

Su uku ne a ƙungiyar, Karnukan Tsatsa suka raɗa wa kansu. Rhonda da gita da ihu, Kev Doyle a kan ganga, sai ƙanenta Salvu, wanda kowa ke kira Sal, mai dukan guntayen ƙarafan da yake kwasowa daga masana'antar ƙarfe inda yake aiki. A Newcastle ta 1981 ba wanda ya san inda zai ajiye kiɗansu. Masu tsaga riga da tsayar da gashi suka ce ya cika sa rawa, masu rawa suka ce ya cika faɗa. Faifai ɗari uku suka buga na waƙa ɗaya tilo, "Canjin Aiki", ko ɗari ba su sayar ba. Sauran suka yi shekaru a ƙarƙashin gadon Kev suna tara ƙura.

To, abin da aka raina shi kan tsone ido. Wani mai sa kiɗa a gidan rawa ya tsinci guda a kasuwar tsofaffin kaya, daga nan sai waƙar ta ƙi mutuwa. Ta shiga waƙoƙin wasu, ta shiga tallar takalmi, ta shiga wayoyin yaran da iyayensu ma ba su isa rawa ba lokacin da aka yi ta. Kuma duk inda aka sa ta, idan an zo wurin bugun nan, jama'a sai su amsa da tafi ko dukan tebur. Masu gemu da tabarau sun cika takardu suna cewa bugun muryar masana'anta ce, kukan ma'aikaci ne, kaza-kaza. Ko ɗayansu bai taɓa tambayar wace ƙofa ce ba.

Ƙofar garejin mahaifinsu ce, ta kwano, kuma Sal ne a bayanta.

Ranar Asabar ce da rana tsaka. Sun aro injin ɗaukar sauti na wuni ɗaya, tef ɗinsu kuma guda ne. Sal ya makara, karo na uku a mako guda, tun da aka rage masa aiki ya kama sha. Rhonda ta fusata ta ja ƙofa ta sa sakata. Suna da doka, kuma Sal ɗin ne da kansa ya kafa ta: in tef ya fara juyawa, ko gida na ci da wuta ba a tsayawa. Suna tsakiyar waƙa ya iso ya buga. Ba su tsaya ba. Da yammacin ranar aka gan shi kan duwatsun bakin teku, kwana uku bayan haka ruwa ya dawo da shi. Ko zamewa ya yi, ko ba zamewa ba, Allah kaɗai ya sani.

Ranar jana'izarsa, a ƙofar coci, Mama ta riƙe hannun Rhonda ta ce, "Ya zo wurinku?"

"Ya zo, Mama. Tef na juyawa. Muna gamawa na ruga na buɗe, sai na tarar ya tafi."

Da wannan maganar Mama ta rayu, da ita ta mutu. Ita ma Rhonda da ita take rayuwa. Ta maimaita ta har tana ganin kanta a guje, tana jin sanyin sakata a tafin hannunta. Doka ce ta hana, ba ita ba. Amma duk da haka, duk sanda bugun ya same ta a kanti ko a motar haya, sai ta nemi hanyar fita.

Kwana biyu bayan abin da ya faru a kanti, Kev ya zo gidanta da ledar biskit, ya zauna a kujerar da ba a ba shi ba.

"Tsohuwa, akwai wani Tuan a unguwar Wickham, mai gyaran tsofaffin sauti. Wasu na so a sake buga faifan da kyau. Tef na asali yake nema."

"Tsohuwa uwarka. Na girme ka da wata huɗu kacal."

"Wata huɗu ba wasa ba ne a shekarunmu. Yana nan ko kin ba kyanwa?"

Yana nan, cikin gwangwanin biskit ɗin Mama, a bayan barguna. Tun 1981 ba ta buɗe shi ba. Ta ture kofin shayinta ta ce, "Zan bayar, amma da sharaɗi. Ya cire bugun."

Kev ya ajiye biskit. "Ki cire bugun, me ya rage? Ni da ke muna hayaniya?"

"Ni ce nake jin sa a layin asibiti, Kev, ba kai ba. Ina so in sayi madara lafiya kafin in mutu."

Kev ya buɗe baki ya rufe. Mutum ne da bai iya shiru ba ko a jana'iza, don haka shirun ya dame ta fiye da gardama.

Tuan mutum ne mai shekara hamsin da 'yan kai, mai sanƙo da sanyin magana. Da suka kai masa tef ɗin ya ɗaga ya shinshina, sai ya girgiza kai. Ya ce damshin teku ya shige shi, ya yi danƙo, in aka sa shi a inji haka zai saɓule ya bar sautin a jikin ƙarfe. Sai an gasa shi tukuna.

"Gasa shi? Kamar kaza?" in ji Kev.

"Da wuta kaɗan-kaɗan, kwana biyu," in ji Tuan, yana nuna wani injin busar da 'ya'yan itace a kusurwa. "Na matata ne, har yau ba ta yafe min ba. In ya huce zan juya shi sau ɗaya in kwashe komai. Sau ɗayan nan kaɗai na yi muku alkawari." Ya auna kaurin naɗin da ido. "Anti, waƙar minti huɗu ce, ko? Abin da ke kan nan ya kai shida."

"Mantawa muka yi ba mu kashe injin ba," Rhonda ta ce da sauri. Kwana biyun nan ba ta iya cin abincin kirki ba, kuma ta ƙi tambayar kanta dalili.

Ranar Alhamis da hantsi suka koma. Tuan ya ɗora tef ɗin a hankali, ya bayyana musu cewa layi huɗu injin da suka aro yake ɗauka, kowane makirfo da nasa. Ɗaya na gita, ɗaya na murya, ɗaya na ganga. Na huɗun an kafa shi ne gaban ƙarafan Sal, dab da ƙofa, aka bar shi a kunne ba mai shi.

"Bugun yana kan wannan layin shi kaɗai," ya ce. "Cire shi ba wuya, danna abu ɗaya ne. Amma bari mu ji shi tukuna, in san abin da nake zubarwa."

Tef ya fara juyawa. Ya rage sauran layukan, ya ɗaga na huɗu. Da farko ba komai sai kiɗansu can nesa, kamar daga gidan maƙwabta. Sai takun ƙafa a kan tsakuwa. Takun ya tsaya. Rhonda ta damƙe hannun kujera tana jiran bugu uku.

Ba su ne suka fara zuwa ba. Wani ɗan sauti ne siriri, farce a kan kwano, tik-tiki-tik, tik-tiki-tik. Kev ya dafe baki. Kason Sal ne, wanda ya kamata ya kaɗa a kan ƙarafansa, yana kaɗa shi daga waje da yatsu, a hankali don kada ya ɓata musu ɗauka. Inda Rhonda ta yi gaggawa, yatsun suka riƙe lokaci har ta dawo. Da aka zo gurbin da suka saba bar masa, inda kowa ke ɗaukewa, nan ne ya saki hannu: kwas, kwas, kwas. Sannan ya koma tik-tiki-tik har ƙarshe.

"Ashe ba roƙo yake yi ba," in ji Rhonda, hawaye na zuba ba ta share ba. "Kiɗa yake yi. Kev, ka ji? Kiɗa yake yi, ɗan banzan yaro!"

Ta yi dariya cikin kuka, wani nauyi na shekara arba'in ya fara sauka daga ƙirjinta. Waƙar ta ƙare daidai inda faifan ke ƙarewa. Ta ɗaga hannu ta ce ya isa.

"Ba zan iya tsayar da shi a tsakiya ba, Anti," in ji Tuan. "Zai iya tsinkewa."

Tef ya ci gaba. Aka ji muryar Kev ta samartaka yana ihu, "Mun samu! Mun samu!" Aka ji sandar ganga ta faɗi ƙasa. Sai bugu a ƙofa, guda biyu, ba na kiɗa ba, irin na mai neman izini.

"Yaya? Ni ne. An gama ai. Buɗe mana."

Kujera ta motsa, takun Kev ya nufo ƙofa. Sai wata murya ta tare shi, muryar Rhonda tana yarinya 'yar ashirin da biyu, a tsaye cak, ba rawa a cikinta.

"Bar shi. Ya koyi zuwa da wuri."

Bayan haka aka ji ana ɗaure tsirkiyar gita, ana gwada ta, ana sake ɗaurewa. Kusa da makirfo kuwa akwai numfashin mutum yana jira. Ya jira fiye da minti ɗaya, Rhonda ta ga lambobin lokaci suna tafiya a jikin injin da ke gaban Tuan. Ba gudu, ba ƙarar sakata. Daga baya tsakuwa ta yi ƙara, takun ya yi nisa, wutsiyar tef ta kuɓuce tana dukan inji, fat, fat, fat, har Tuan ya kashe.

Rhonda ta duba tafin hannunta, wanda ta daɗe tana jin sanyin sakata a cikinsa.

"Ka sani," ta ce wa Kev, ba ta dube shi ba.

"Na sani."

"Kana tsaye a bayana a ƙofar coci."

"Ina tsaye. Ni ma ai na koma na zauna, Rhonda. Da kika ce bar shi, na bar shi."

Tuan ya gyara murya, yatsarsa a kan madanni. Da gani ya gwammace yana wani wuri. "Anti, layin nan na huɗu... in share shi?"

"Kada ka taɓa shi."

"To in yanke a inda tsohon faifan ya yanke?"

"Minti shida ka ce. Ka buga minti shida." Ta nuna tef ɗin da yatsa. "Shekara arba'in suna amsa masa uku na farko. Su ji na biyun ma, su ji wadda ta hana."

Ta miƙe da ƙyar, gwiwa na ƙara. Kev ya miƙo mata jakarta, ba ta karɓa ba. Ta wuce su duka ta nufi ƙofar situdiyon, mai nauyi, mai sakata biyu. Ta zare ta sama, ta zare ta ƙasa, ta ja ƙofar ta buɗe har bango.

Rana tsaka ce a waje, da motoci uku, da iskar teku. Ta tsaya a bakin ƙofar tana riƙe da ita a buɗe.

"Shigo," ta ce.