Ruwan Gwamnati

Kulu tana cikin juye jarka ta biyu a masai aka fara dukan ƙofofin hawan ƙasa. Ruwan ya fallatso mata a zani.

Mijinta Lawali yana tsaye bakin banɗakin, ko takalmi bai cire ba. A guje ya taho daga makarantarsu da ke unguwar Darrasa, ya bar darasi ana tsaka da shi. Ya ce motocin hukumar yanayi sun tare bakin titi, ana bin unguwarsu ta Arba wa Nus gida-gida, duk wanda aka samu da ruwan saman jiya sai a jefa shi mota. A gabansa aka tafi da wani ɗan Sudan a kan bokiti guda.

"Ruwan Allah ne fa, Malam," in ji ta.

"Na gwamnati ne. Su suka hau jirgi suka watsa wa gajimaren sinadarinsu. Yalla, maza ki juye."

Ashe tun makon jiya aka sanar a talabijin cewa gwaji za a yi, ba a yarda kowa ya taɓa ruwan ba sai ma'aikatan hukuma. Baƙon da aka kama da shi kuwa, cewa za a yi ƙasarsu zai aika a gano sirrin. Kulu ba ta jin Larabcin masu labarai. Ita dai tun zuwanta Alƙahira ba ta ga ruwan kirki ba, jiya da ƙamshin ƙasa ya bugi hancinta sai ta yi abin da kowace mace ke yi a Gusau: ta kwashi robobi da tukwane ta jera a saman bene. Ai ruwan sama ba a barinsa ya zube, shi ake yi wa tofi.

Yanzu ga shi zai cinye wa Lawali takardar zama. Jarrabawarsa ta ƙarshe wata mai zuwa ce, in aka kama su jirgi za a ɗora shi ba takardar kammala karatu.

Ma'aikata biyu suka shigo da fararen riguna. Suka leƙa firij, suka daga katifa, ɗayan har da sunsuna buta. Kulu ta lafe jikin bango. Ba su samu komai ba, suka haye sama.

Lawali ya zube a kujera, ya tambaye ta ko khalas, babu sauran ko ɗigo. Ta shiga murza bakin zaninta, daidai inda ya yage. Da safe ta cika wa maƙwabciyarsu Amna kwalba ɗaya, saboda ciwon ƙafar tsohuwarta. Murfin ya ɓata, shi ne ta yago ƙyalle daga zanin ta toshe bakin.

Ta buɗe baki za ta faɗa masa ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali.

Wani dogon mutum ne da baƙar kwat da katin hukuma rataye a wuya, ba su taɓa ganinsa ba. A hannunsa kwalbar ce, da ƙyallenta shuɗi. Ya dubi ƙyallen, ya dubi zanin Kulu, ya yi murmushi.

"Sannunku da gida," in ji shi da Hausa tangaran. "Ma'aikatan da suka hau sama ba su ga wannan ba tukuna. Malam Lawali, tunda takalmanka na ƙafarka, zo mu je."