Wasan Makaranta a Gaban Baƙi

Shekara goma sha tara ina sayar da shinkafa mai kurkum da busasshen kifi a gindin katangar makarantar firamaren tsibirinmu. Idan na ce na san malamanta, ta cikinsu na san su, inda mutum ba ya iya ɓoye hali. Su bakwai gwamnati ta turo mana, har da shugaban makaranta, Pak Baharuddin. A nan Pak muke ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Bu. Dukansu a birni suke zaune, tsallaken teku, tafiyar awa ɗaya da rabi a jirgin ruwan Daeng Nyonri. Ran Litinin suke zuwa. Su sa hannu a rajistar mako guda a zama ɗaya, su ci shinkafata, kafin ƙarfe goma sun koma bakin ruwa suna duban agogo. Sauran kwanakin wai igiyar ruwa ce ke hana su. Igiyar nan dai ba ta taɓa hana mai kawo ƙanƙara ba.

Mai koyarwa ta gaskiya ɗaya ce, Bu Marwah, 'yar tsibirin nan, wadda ba ta da takardar ɗaukar aiki. Aji shida take zagayawa ita kaɗai, ta ba waɗannan kwafi, ta ruga ta raba faɗa a can.

Wata Litinin Pak Baharuddin ya sauko daga jirgi da takarda a hannu, fuska duk a murtuke. Ofishin ilimi na gunduma zai turo baƙi su ji ra'ayin yara, a gyara makarantu bisa abin da yaran suka faɗa. Kuma ba tambayoyi za a yi musu ba, ta hanyar wasa za a ji. Wannan ne ya tayar masa da hankali, don amsar tambaya ana iya haddace ta.

Amma bai rasa dabara ba. Mako guda cur malamai bakwai suka kwana a tsibiri, teku kuwa ta yi luf kamar ta san da maganar. Aka shafe bango da fenti. Aka ɗebo yumɓu, aka zaunar da 'yan aji biyar suna koyon gina ƙofar makaranta mai baka, irin ta makarantun birni. Shekara da shekaru Pak Baharuddin yana son wannan ƙofa, don a rubuta sunansa a jikinta. Duk yaron da aka tambaya me yake so, ya ce ƙofa. Na ji wani malami yana kiran yaro da “kai mai kunne”, yaron da shekara biyu ke nan yana ajinsa.

Ran Larabar makon da ya biyo baya baƙi suka iso. Akwai Pak Rustam, sufeton makarantu, wanda muka sani da akwatin ƙanƙara: wayam yake kawo shi, cike da kifi yake mayar da shi. Sai wata budurwa daga jami'a, Bu Wulan, siririya, da jakar goyo da takalmin roba. Na yi mata kallo ɗaya na ce wannan teku ta wahalar da ita, kuma gaskiya ne, sai da na dafa mata citta.

Pak Baharuddin ya yi jawabi na minti arba'in a kan yadda yara su ne manyan gobe, yaran suna tsaye a rana. Sannan ya ja baƙi zuwa teburin da aka jera ƙofofin yumɓu guda ashirin da shida, duk kai ɗaya. Bu Wulan ta duba, ta yaba, ta roƙi a ture tebura gefe. Ta ce malamai su koma bayan aji kada kowa ya yi magana. Ita kuwa ta tuɓe takalmi ta zauna a ƙasa cikin yara. Mu iyaye muka cika tagogi.

Ta ce musu su yi wasan makaranta, yadda take a kowace rana, kowa ya zaɓi wanda zai zama. Yara suka haɗa kai suna raɗa. Sai suka zauna a layi suka yi shiru. Minti ɗaya, biyu, har biyar. Pak Baharuddin ya fara gyaran murya yana nuna yumɓu da haɓa. Bu Wulan ta ce kada su ji kunya, su fara.

Tenri, 'yar Daeng Nyonri mai jirgi, ta ce, “Ai mun fara, Bu. Yau Talata ce.”

Wani yaro ya hau taga ya kare ido da hannu yana duban teku, ya sauko ya girgiza kai. Tenri ta yafa ɗankwali irin yafin Bu Marwah, ta shigo a guje tana haki, ta rubuta shafi na arba'in a allo, ta fice ta ɗaya ƙofar. Ta sake shigowa, ta sake fita. Yaran suka kwafa, suka gama, wasu suka kwanta. Ba wanda ya yi dariya a tagogi. Mun san haka abin yake, amma ba mu taɓa tsayawa mun kalla ba. Bu Marwah ta sunkuyar da kai.

Bu Wulan ta tambaya ko akwai ranar da ta bambanta. Suka ce akwai Litinin. Wani ɗan lukuti ya cusa jaka a riga ta zama tumbi irin na Pak Baharuddin, ya shigo yana taku ɗaiɗai, ya lashi yatsa, ya sa hannu sau shida a iska. Ya juya wajen wata yarinya da ta zama ni, ya ce a ƙara kifi, na makon jiya ya fi gishiri. Ko muryar bai bari ba. Nan tagogi suka fashe. Pak Rustam ya fi kowa dariya, har da dukan cinya, sai da wani yaro ya shigo yana jan kwali, ya buɗe shi a gaban mai tumbi ya kau da kai yana kallon rufi. Nan take sufeto ya daina dariya. Ya tuna cewa ruwa zai janye, gara a kama hanya. Ranar akwatinsa wayam ya koma.

Bu Wulan ta cika shafuka da rubutu. Da za ta tafi ta riƙe hannun Bu Marwah ta ce za a ga canji. Na yarda har zuciyarta ta faɗa. Yarinya ce.

Bayan wata uku sakamako ya zo. Ofishin gunduma ya saurari yara, ya gano suna da baiwar wasan kwaikwayo, don haka aka aiko da akwatin kayan ado da gemun roba. Aka amince da ginin ƙofa, tunda yara ashirin da shida sun nema. Bu Marwah kuma aka ba ta takardar gargaɗi, saboda wasan ya nuna tana barin aji babu malami. Pak Baharuddin da kansa ya miƙa mata, yana yi mata nasiha a kan riƙon amana. Ko kunya. Bu Marwah ta buga wa Bu Wulan waya, ta ji ashe rahoton ya fita daga hannunta tun makon farko, an ce mata ya yi tsauri, za a gyara harshensa.

Daeng Nyonri bai iya karatu ba, kuma ba mai yawan magana ba ne. Litinin ta gaba ya kawo malamai kamar kullum, ya ɗaure jirgi, ya cire wani ƙarfe daga injin ya sa a aljihu, ya zo ya zauna a bencina. Ƙarfe goma suka aiko a kira shi. Ya ce sai an tashi makaranta. Pak Baharuddin ya zo da kansa yana kumfar baki, yana ambaton hukuma.

Daeng Nyonri ya ce, “Igiyar ruwa ce, Pak. Ba ta kwantawa sai ƙarfe ɗaya.”

Babu wani jirgi a tsibirin da zai ɗauke su, don masu jiragen duk suna tagogi a ranar. Haka aka ci gaba kowace Litinin. Kada ku zaci sun shiga aji. A ofis suke zama suna latsa waya suna aikowa a ƙaro shayi. Ɗaya ne kawai, Pak Irfan, ƙaraminsu, wayarsa ta mutu wata rana, zaman ya ishe shi, ya leƙa aji huɗu. Ya tarar ba su iya rabawa ba, ya ɗauki alli. Yanzu yana kwana uku a mako a ɗakin bayan masallaci, sauran suna kiransa mai neman suna.

An gama ƙofa a watan jiya. Katangar da ke gefenta ta rushe tun bara, don haka yara ta nan suke shiga, ya fi kusa.