Jarka Uku Masu Koren Fenti

Maigidana Malam Salissou, Allah Ya jiƙansa, wake yake sayarwa a kasuwar Mile 12 ta Legas. Kowa a layinmu na Agege ya san shi da hali guda: idan kaka ta yi, wake ya yi arha, ba ya ba kowa ko ƙwaya.

Sai ya kawo jarkoki takwas irin na man gyaɗa, ya wanke, ya shanya su bushe ƙarau. Ya cika kowacce da wake har wuya, yana jijjigawa yana ƙarawa. Ya sa leda a baki, ya murɗa marfi, ya naɗe da robar tayar keke. Biyar namu ne, na sayarwa idan kaya sun yi tsada. Uku kuwa yakan shafa musu koren fenti da yatsa, ya ce na sadaka ne, ba a taɓa su sai watan bakwai.

Shekarar farko na ce, "Malam, sadakar ma sai an sa mata rana kamar biki?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Iyatu, yanzu wa ke neman wake? Wanda ya zube a ƙasan mota ma ya ishi ɗan dako. Ki bari ruwa ya sauka, motocin arewa su rage zuwa, ki ga wanda zai ce ya ƙoshi."

Gida goma sha takwas yake ba, na 'yan dako da masu gadi. Audi, babban 'yan dakon rumfarsu, shi ya san ƙofar kowa.

A watan sha biyu ya ɗaure na ƙarshe. Da watan ɗaya ya kama, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, shi ke nan. Ina takaba, jarkokin na jere a bayan ƙofa suna kallona. A jikin ɗaya har shatin babban yatsansa ya fito a fentin. Nakan ɗora nawa a kai idan ba kowa.

Ana jibi sadakar arba'in yayarsa Haoua ta iso daga Ogba. Shekara talatin tana Legas, amma bakinta yana Maraɗi, jarka ma bido take ce mata. Ko zama ba ta yi ba ta hango su.

"To, alhamdu lillahi, ga waken ƙosai. Buɗe bidon nan."

"Yaya, na watan bakwai ne."

"Wane watan bakwai? Mai waken ya mutu, ke kina gadin roba? Ba na sadaka ba ne?"

"Na sadaka ne."

"To jibi me za mu yi, rawa?"

Matan da suka zo gaisuwa suka ƙyalƙyale. Na ji wata tana cewa ashe rowar ma gadonta ake yi. Wannan maganar ce ta shige ni. Na san mijina ba marowaci ba ne, kuma ban so a faɗa a kan tabarmar makokinsa. Na jawo kore ɗaya na kwance robar. Yaya Haoua ta ɗebi kwano biyu, na mayar da marfi na ɗaure tam, har ina yaba wa kaina na fi Malam iya ɗauri. Aka yi ƙosai, kowa ya ci ya yi addu'a.

Na fita takaba, ruwa ya sauka, farashin wake ya hau. Ranar Asabar ta farkon watan bakwai sai ga Audi da sallama, yana tsaye a soro yana murza hula.

"Hajiya, matan gidajen nan da oga yake ba wake ne suka dame ni. Na ce musu oga ba ya nan, su yi haƙuri. Suka ce dai in zo in gaishe ki."

"Gaisuwa kawai, Malam Audi?"

"To, har da leda suka ba ni."

Na yi dariya, ita ce ta farko mai ƙarfi tun rasuwar. Na ce ya dawo gobe da amalanke. Na kuma buga wa Yaya Haoua waya ta zo ta ga aikin ƙanenta.

Jarka ta farko da muka zazzage a tabarma, wake fari tas kamar jiya aka casa. Ta biyu ma haka. Ta uku ina kwance roba na ji ɗumi a hannuna. Da na buɗe, ƙwari suka yo waje kamar an tashi makaranta. Kowace ƙwaya ta huje, ƙasan duk gari.

Audi ya leƙa ya ce, "An taɓa buɗe wannan?"

Na dubi Yaya Haoua. Audi ya ci gaba:

"Ai shi ya sa oga yake cikawa har wuya. In ba iska, ƙwaro ba ya rayuwa. Da an rage, an ba shi ɗaki ke nan."

Yaya Haoua ta riƙe haɓa. "Yau ga ƙosai mai tsada. Mu mun ci kwano biyu, su sun ci bido."

Rabon gida shida ke nan ya tafi. Audi ya ce a rage wa kowa kaɗan, ba wanda zai sani. Ni kuwa na sani. Na dubi biyar ɗin nan namu, da su nake shirin riƙe gida har wata kakar. Na shiga ɗaki na lalubo gwangwanin fentin Malam a ƙarƙashin gado. Ya kusa bushewa, sai da na ɗiga kananzir. Na tsoma yatsa na shafa wa ɗaya.

"Ke Iyatu, me za ki ci?" in ji Yaya.

"Huɗu sun rage. In sun ƙare in taho Ogba, tunda ke kika ce a buɗe."

"Taho mana, ga kajina can ku ci tare." Ta ɗaure ruɓaɓɓen waken a buhu ta tafi wa kajin da shi a motar danfo.

Kowane gida ya samu cikakken rabonsa. Wata matar mai gadi ta aiko mini da alale biyu a ganye, na ci ina hawaye, ga shi kuma ya yi daɗi.

Huɗun sun kai ni, da ɗan matsi. Da kaka ta zagayo, Audi ya kawo mini buhuna a farashin rumfa. Ina tsakar gida ina jijjiga jarka sai ga Yaya Haoua da nata bido biyu a ka, an wanke an shanya.

"Cika mini har wuya," ta ce. "Ki shafa koren. Kuma ko ni na mutu, aka zo ana miki surutun waken ƙosai, ki ce su sayi burodi."