Layin Ta Can Ya Shigo

Mai gyaran intanet ya sauko daga silin da ƙura a gashinsa, ya sake jona abin awonsa a soket ɗin falo.

"Biyu," ya ce. "A kan sandar waya a waje kuwa gudun intanet ɗinku hamsin ne."

Auta ta dubi agogo. Ƙarfe huɗu asibitin da ta nemi aiki zai kira ta ta bidiyo. Sau biyu hoto yana daskarewa ana tsakiyar tambaya, sun ce wannan ne na ƙarshe. Sabis ɗin wayar hannu kuwa a unguwar sai an hau rufi.

"To ina arba'in da takwas suka shiga?"

"Cikin bango. Tsohuwar wayar tarho ce, an yi mata rassa. Kowane reshe yana shan nasa, ko ba a jona komai ba."

"Wayar da ba mai taɓa ta, me take sha?" in ji Umma daga ƙofar kicin.

Ya cire reshen ɗakin Umma, awo ya nuna uku. Ya cire na kicin, ya koma biyu. Ya sosa ƙeya, ya bi wayar da yatsa har inda ta nutse a bangon falo.

"Wa ke bayan nan?"

Auta ta dubi Umma. Da gida ɗaya ne. Bayan rasuwar mahaifin Auta, ƙanensa ya ja bango ta tsakiyar falon. Shekara tara ko gaisuwa babu.

"Baffana," Auta ta ce.

"To layin ta can ya shigo. Soket na farko yana wajensa. Ku ne reshen."

"Da sunanmu fa layin yake," in ji Umma.

"Waya ba ta san suna ba, Hajiya. Jan sabuwa sai sati biyu. Yau dai a jona na'urar intanet ɗin can, 'yarki ta zauna kusa da ita."

"Bari kawai, Umma. Zan rubuta wa asibitin na haƙura."

Umma ta shige ɗaki. Ta fito da mayafi, ta zare na'urar daga bango, wayoyi na reto a hannunta. A bakin ƙofa ta juyo ga mai gyaran.

"Me ma zan ce masa muna nema?"

"Soket na farko."

Ta maimaita a hankali, ta fita. Auta ta tsaya a falon, tana jin Umma na ƙwanƙwasa ƙofar Baffa ta cikin bango.