Albashin Manya

Injin buga takardu ya tofo shafi na uku, Anti Hatimi ta yi maza ta kife shi a kan tebur kamar wani na leƙe ta bayanta. Ba kowa a ofishin sai ita da fankar da ke ƙugi a sama.

Shekararta tara a ofishin bayanai na jami'ar. Duk takardar da za ta fita sai ta bi ta ƙarƙashin hatiminta, shi ya sa sunan ya bi ta. Doka ta ce wanda duk ya rubuto yana neman sanin yadda ake kashe kuɗin jama'a, a ba shi amsa kafin wa'adi ya cika. Yawanci ɗalibai masu bincike ne ke rubutowa. Wannan karon kuwa Baba Mai Lambu ne, tsohon da ke ban ruwan furanni a gaban ginin. Tun ranar da aka tara ƙananan ma'aikata aka ce musu bana babu ƙarin albashi don jami'a ba ta da hali, ya kawo takardarsa yana tambayar nawa Shugaban jami'a da mataimakansa suke ɗauka, har da alawus. Yau ƙarfe huɗu wa'adin zai cika, amsar kuwa ita ce shafuka ukun nan.

Wayar tebur ta yi ƙara. Magatakarda ne ke nemanta, shi ne kuma mai gidanta a wurin aiki.

Ta same shi yana motsa shayi, sanyin ofishin har cikin ƙashi. Bai ce ta zauna ba.

"Maganar tsohon nan," ya ce. "Ki rubuta masa ana kan tattara bayanai."

"Ranka ya daɗe, an riga an tattara. Lauyan jami'a ma ya duba, ya ce a bayar."

"Lauya ba shi zai fuskanci 'yan jarida ba." Ya kurɓi shayin. "Ke fa yarinya ce mai hankali. Wata mai zuwa ne za a duba sabunta kwantiraginki, ko ba haka ba?"

Ta ce, "To ranka ya daɗe, ko za ka ɗan rubuta mini umarnin a takarda, in saka a fayil?"

Ya yi dariya, har da buga tebur. "Ni na ba ki umarni? Hira muke yi. Hatimin ai naki ne."

Ta fito. Idan ta ɓoye, sunanta ne a kan ƙaryar. Idan ta bayar, sunanta ne dai. Ta shiga banɗaki ta kulle, ta kira mijinta a shagonsa na gyaran babur.

"Maman yara, ki rufa mana asiri," ya ce, ƙarar guduma na tashi a bayansa. "Su manyan in sun yi faɗa gobe ki gan su a mota ɗaya. Ke wa zai ɗauke ki?"

"In aka kai ƙara fa? Ni za a kira."

Can ya ce, "To ni dai ban sani ba. Kin ci abinci kuwa?"

Ba ta ci ba. Ta koma ta rubuta wasiƙar "ana kan tattarawa", ta karanta sau biyu, ta ajiye ta kusa da ta gaskiyar. Daga taga tana hango tsohon ya duƙa yana cire ciyawa, rigarsa ta jiƙe ta manne a baya. Ƙarfe biyu ta wuce, uku ta wuce. Duk takun da ta ji a baranda sai ta dubi ƙofa.

Huɗu saura kwata tsohon ya yi sallama. Ya wanke hannu, amma ƙasa na nan a ƙarƙashin faratansa. Ya tsaya a bakin ƙofa don kada ya ɓata mata daɓe.

"'Yata, an ce yau ce rana."

Ta dubi takardun biyu. Ta jawo mai shafi uku, ta danna hatimi, ta sa hannu, ta miƙa masa a ambulan. Shi ke nan, ta ce a ranta, ya tafi da ita can nesa ya buɗe.

Sai ya farke ambulan ɗin a nan tsaye, ya miƙo mata.

"Ni boko bai ratsa ni ba. Maƙwabcina da ya rubuta mini ya yi tafiya. Karanta mini, don Allah."

Ta ɗaga kai. Mata biyu masu shara sun dakata a baranda riƙe da tsintsiya. Wani direba ya jingina da bango, makulli a hannu. A can ƙarshe, ƙofar Magatakarda a buɗe take.

Ta karɓa. Layin farko da ƙyar ya fito.

"Ɗan ɗaga murya, 'yata, kunnen ma ya tsufa."

Ta gyara tsayuwa, ta faɗi muƙamin Shugaban jami'a, ta faɗi adadin yadda kowa zai ji.

Tsohon ya jinjina kai, leɓunansa na motsi yana lissafi.

"To, ba laifi," ya ce. "Babban mutum ne. A shekara ke nan?"

"A wata, Baba," ta ce, ta juya shafi na biyu.