Ƙaguwa Ta Shida

Sau uku Ramlath tana ɗaga jiƙaƙƙen buhun da ta rufe bokitin da shi, sau uku tana samun ƙaguwa biyar. Shida ta sayo da safe a bakin tekun garin Beypore, manya masu rai, don mijinta Nisar zai sauka daga Maskat da la'asar, kuma shekara biyu ke nan yana yi mata mitar miyar ƙaguwa a waya.

Mai sayarwar ya ja mata kunne: kada ta nutsar da su a ruwan famfo su mutu, mushensu guba ne, kada kuma ta kwance su sai wuƙa na hannunta. Ta bi ta farko. Amma Ramlath 'yar kan dutse ce, mutanen da ba su san teku ba sai a kalanda. Da ta ga suna fitar da kumfa a ɗaure, tausayi ya kama ta, ta yanke musu igiya. Rashin sani, ai ya fi dare duhu.

Surukinta Koyakutti ciwon suga ya riga ya cinye masa ƙafa ɗaya, ta roba yake sawa. Wadda ta rage ma ba ta jin zafi ko kaɗan, kuma likita ya ce ƙaramin rauni ya isa a yanke ta. Ga shi a gidan nan ba mai shiga da takalmi.

Ta rarrafa ta leƙa bayan tukunyar gas, ta janye buhun shinkafa, ta zazzage kwandon kwakwa. Babu. Sai ta ga jiƙaƙƙen sawu ya bi siminti, ya fita ta ƙofar falo.

Tsohon yana kan kujerarsa ta kwanciya, jarida ta rufe masa fuska. A ƙasa kuwa, ƙaguwar ta damƙe masa babban yatsan ƙafa da awartakinta, tana ta matsawa. Shekara huɗu Ramlath tana wanke masa ƙafa kullum, amma yanzu ta kasa tuna wacce ce ta gaske.

“Baba,” ta ce, “don Allah kada ka motsa.”

“Ina zan je? Ko kin ga na yi kama da mai shirin tsere?” Ya sauke jaridar, ya bi idonta da kallo har ƙasa. Ya daɗe yana duban abin. “Ke 'yar dutse, kwance su kika yi?”

“Tausayinsu na ji, Baba.”

“To ga shi ta zo godiya.”

Ta durƙusa, ta ɗage bakin zanen da ya ɗaura irin na mazan garin da yatsa biyu. Ta ga maɗaurin fata a ƙasan gwiwa. Ta roba ce. Nan take hawaye ya ɓalle mata, ta jawo ɗaya ƙafar ta duba yatsu ɗaya bayan ɗaya, har tsakaninsu, ba ko ƙwarzane.

Koyakutti ya kwance maɗaurin, ya miƙa mata ƙafar da ƙaguwar a maƙale. “Kai su kicin tare. Nisar ba sai ya ji ba.”

Ta kai bakin ƙofa ya sake magana, a hankali, ba wasa a muryarsa.

“'Yata, da ɗayar ta kama, da haka za ki same ni ina karatun jarida.”

Ya tattara lafiyayyar ƙafar ya ɗora kan kujera, ya riƙe ta da hannu biyu.